Tikitin da Ban Saya Ba

Wata Asabar a cikin watan Nuwamba, a wani ƙaramin gari na arewacin Ingila, na shafe kusan rabin sa'a a tsaye gaban wani tebur ina jujjuya tsabar fam ɗaya a aljihun kwat. Babu wani abin a-zo-a-gani a kan teburin. Bokitin roba ne, da ɗan littafin tikiti mai ruwan hoda, da gwangwanin gudummawa, sai kyaututtuka uku da aka jingina a jikin kwali. Bayan teburin wani dattijo ne a zaune, ma'ajin ƙungiyar da ta shirya taron, yana yage tikiti gida biyu, ya miƙa wa mai saye rabi, ya jefa rabi a bokiti. Da ƙarfe uku na yamma za a sa hannu a zaro lamba uku. Su suna kiran wannan abu raful. A wajenmu da tambola aka fi saninsa.

Taron na masu tara kan sarki ne. Idan mai karatu yana cikin waɗanda suka buɗe ido suka tarar da WhatsApp, to kan sarki shi ne ɗan guntun takardar nan mai haƙora da ake saya a gidan waya a manna a goshin ambulan, shaidar cewa an biya kuɗin kai wasiƙa. Ƙungiyar garin ta karɓi hayar zauren wasanni na wata makaranta na yini guda. Dillalai kimanin ashirin sun jera tebura, kowa da kundayensa da kwalayen takalmi cike da tsofaffin ambulan. A jikin bango an kafa allunan gilashi inda 'yan ƙungiya suka baje abin da suka shekara da shekaru suna tarawa. Kusan kowane kai a wurin da furfura. Ba ka jin hayaniyar kasuwa, sai ƙarar buɗe shafi da ta cokali a kofin shayi, mutane sun sunkuya da hantsaki a hannu ɗaya, gilashin ƙara girma a ɗayan, kamar masu tsintar tsakuwa a shinkafa.

Kyauta ta farko ita ce ta tara mutane. Wani kati ne mai ɗauke da kan sarki uku na farkon zamani: Penny Black, wato Baƙin Kwabo na 1840, da ɗan'uwansa shuɗi mai kwabo biyu, da Jan Kwabo wanda ya gaje su. Masu wannan harka suna girmama abin da aka fitar daga 1840 zuwa wajen 1870 fiye da komai, lokacin da akasari da hannu ake sassaƙa hoton a kan ƙarfe, kuma Baƙin Kwabo shi ne kakan duka, domin kafinsa babu wata ƙasa a duniya da ta taɓa fitar da kan sarki na mannawa. Kyauta ta biyu sabon kundi ne da hantsaki. Ta uku wata 'yar leda ce da aka cusa wa tsofaffin kan sarki na ƙasashen da Ingila ta yi wa mulkin mallaka, irin tarkacen da dillali kan bayar ba tare da ya ji a jikinsa ba. Ni wannan ledar ce ta tsayar da ni, kuma zan zo kanta. Amma sai an san abin da ke kan katin farko kafin a gane abin da mutanen nan suke zuba wa kuɗi.

Kafin 1840, a Ingila wanda aka aiko wa wasiƙa shi ne yawanci ke biya. Ana lissafin kuɗin da nisan tafiya da yawan fallayen takarda. Wasiƙa mai falle ɗaya daga Landan zuwa Edinbara takan ci sule ɗaya da kwabo ɗaya da rabi, fiye da rabin ladan yini na ma'aikacin gona a lokacin. 'Yan majalisa kuwa kyauta suke aikawa. Saboda haka talaka ya koyi dabara: mai aikawa ya yi wata 'yar alama a bayan takardar, wanda aka aiko wa ya karɓa ya juya ta, ya fahimci cewa ana lafiya, ya mayar wa masinja ya ce ba shi da kuɗi. Gidan waya ya ɗauki kaya mil ɗari huɗu, ya koma da su, bai ga ko anini ba. A 1837 wani malamin makaranta, Rowland Hill, ya fitar da ɗan littafi inda ya yi lissafin cewa ainihin kuɗin ɗaukar wasiƙa ɗaya daga Landan zuwa Edinbara bai wuce kashi ɗaya cikin talatin da shida na kwabo ba. Abin da ke cinye kuɗin shi ne ƙirga fallaye, da auna nisa, da rubuta bashi, da tsayuwar masinja a ƙofar kowane gida yana jiran a lalubo canji. Shawararsa ita ce a sa farashi ɗaya ga ko'ina cikin ƙasa, mai aikawa ya biya tun farko. Ranar 10 ga Janairun 1840 aka fara aiki da kwabo ɗaya ga wasiƙar da ba ta wuce rabin oza ba, ranar 6 ga Mayu kuma Baƙin Kwabo ya fara aiki. Wasiƙun da ake biya wa kuɗi sun tashi daga kimanin miliyan 76 a 1839 zuwa kusan miliyan 169 a 1840.

Wato an ƙirƙiri kan sarki ne domin a cire ila-ma-sha-Allahu daga harkar wasiƙa, kowa ya san abin da zai biya da abin da zai samu. Ga shi bayan shekara ɗari da tamanin da 'yan kai an ɗora shi a kan tebur kusa da bokiti.

Hoton da ke kai na Sarauniya Biktoriya ne, an ɗauko shi daga wata lambar tunawa da William Wyon ya sassaƙa, wadda asalinta zanen da aka yi mata ne tana 'yar shekara 15. Da wannan fuskar ta ƙuruciya ta ci gaba da fitowa a kan sarkin Ingila har ta rasu a 1901 tana da shekara 81. Ba a rubuta sunan ƙasa a kai ba, tunda babu wata ƙasar da za a bambanta shi da nata, kuma har gobe Birtaniya ba ta rubutawa, kan mai mulki ya wadatar. Nakan yi murmushi idan na tuna cewa Bahaushe, da ya ga abin, bai tsaya neman dogon suna ba, ya faɗi abin da idonsa ya gani. Da a ce ya fara ganinsa a 1840, da yau kan sarauniya muke cewa.

Kamfanin Perkins, Bacon da Petch ne ya buga shi, guda 240 a kowane falle, layi ashirin, kowane layi sha biyu. Duk wanda ya riski kuɗin Nijeriya na kafin 1973 zai gane hikimar nan take: kwabo sha biyu sule, sule ashirin fam. Layi ɗaya sule, falle ɗaya fam, akawu ba ya bukatar alƙalami. A kusurwoyi biyu na ƙasa akwai haruffa da ke nuna mazaunin kowane ɗaya a fallen, daga AA zuwa TL. Da hannu aka buga haruffan nan a jikin farantin ƙarfe, don haka wani ya ɗan karkata, wani ya yi sama, kuma da irin wannan karkata gwanaye suke gane daga wane faranti cikin sha ɗayan da aka yi amfani da su kan sarkin ya fito. Na faranti na sha ɗaya ya fi wuyar samu, domin guda 168,000 kawai aka buga da shi. Ba shi da haƙora, sai a 1854 aka fara huda fallaye. Da almakashi akawu yake yankawa, kuma akawun da layi ya yi masa tsawo ba ya tsayawa sanya. Shi ya sa mafi yawansu an ci gefensu, wanda kuwa ya tsira da farin gefe a ɓangarori huɗu ya ninka sauran daraja. Bai ma cika shekara yana aiki ba. Jan tawadar da ake kashe shi da ita tana wankuwa, mutane suna sake mannawa, sai a Fabrairun 1841 aka juya lamarin, aka koma jan kan sarki da baƙar tawada.

Abin da yakan ba baƙo mamaki shi ne Baƙin Kwabo ba shi da wuyar samu. An buga guda 68,808,000. A wancan zamani ba a cika amfani da ambulan ba, takardar ake ninkewa a manna kan sarki a bayanta, don haka duk lauyan da ya adana wasiƙunsa, da duk ɗan kasuwar da ya ɗaure nasa da zare, ya adana kan sarkin ba da niyya ba. Wanda aka ci gefensa ana samunsa a 'yan gomomin fam, mai kyau a 'yan ɗaruruwa. Jan Kwabo kuwa an buga shi kimanin biliyan 21, yawancinsu ko kuɗin kofin shayi ba su kai ba. Na roƙi ma'aji ya ba ni katin, na duba da gilashi. Baƙin Kwabon nasu gefe uku gare shi, na huɗun almakashi ya shiga har jikin zane. Na tabbata duk wanda ke zauren ya ga abin da na gani, kuma a tebur na uku daga ƙofa akwai dillalin da zai sayar masa da wanda ya fi shi. Duk da haka layin tikiti bai yanke ba.

Yanzu ga ledar. Ta jikin robar, a can gefe, na hango wani ja mai kwabo ɗaya, da kan Sarki Edward na Bakwai, a sama an rubuta NORTHERN NIGERIA. An kashe shi da hatimi mai da'ira, kuma na karanta sunan garin: Zungeru.

Arewacin Nijeriya ta yi nata kan sarki na tsawon shekara sha huɗu kacal, daga 1900 da Lugard ya kafa mulkinsa har zuwa haɗewar 1914. Kamfanin De La Rue ne ya buga su a Landan, da zane iri ɗaya da na wasu ƙasashen mallaka da dama, suna da farashi kawai ake canzawa. Na farkon suna ɗauke da kan Biktoriya, kuma sun fito ne tun Kano da Sakkwato ba su faɗa hannun Bature ba, wanda bai faru ba sai 1903. An buga sunan ƙasa a takarda kafin a mallaki ƙasar. A cikinsu akwai wani na fam 25 da aka fitar a 1904, wanda da wuya a sami wasiƙar da za ta ci wannan kuɗi, amfaninsa na biyan kuɗin lasisin giya ne, kuma yau yana cikin mafiya tsada a duk kan sarkin Nijeriya. Nawa ba shi ba ne. Ja mai kwabo ɗaya shi ne gama-gari, a ƙa'idar masu harkar ma bai shiga sahun na farkon zamani ba.

Sai dai na taɓa mallakar irinsa. Kawuna akawu ne a gidan waya, kuma shi ya koya mini jiƙa kusurwar ambulan a ruwa har kan sarki ya saki da kansa, a shanya shi a kife a kan jarida. Muna yara a Zariya muna rubuta wa gidajen rediyo na ƙasashen waje da abokan alƙalami, rabi don amsar, rabi don abin da ke manne a goshinta. Ranar da na ci jarrabawar shiga sakandare Kawu ya ba ni wani gwangwanin alewa cike da abin da ya tara tun yana saurayi, ya zaro guda ɗaya da hantsaki ya ce, "Wannan ya girmi babanka. Daga Zungeru ya taso lokacin nan ne fadar gwamna." Da zan tafi jami'a na tura gwangwanin a bayan akwati a wani ɗakin ƙasa, na manta da shi shekara huɗu. Marfin ya yi tsatsa ya huje, damina ta shiga, gara ta ƙarasa. Da na buɗe, ƙasa na tarar. Kawu yana raye a lokacin, kuma har ya bar duniya ban gaya masa ba. Sau biyu ya tambaye ni ko ina nan ina ƙarawa, na ce ina nan.

To ga ni tsaye da fam ɗaya a aljihu, ga abin da ke tsakanina da shi bai wuce tsawon hannu ba. Na fara da hanyar da ta fi sauƙi, na tambayi ma'aji ko zai sayar mini da guda ɗayan nan. Ya ce ai an riga an sanar da kyauta, mutane sun sayi tikiti a kan abin da suka gani, cire ko da ɗaya cin amana ne. Gaskiyarsa.

Fatawa ba aikina ba ce, amma abin da na taso da shi a bayyane yake. Ƙuri'a ita kanta ba laifi ba ce. Alƙur'ani ya ba da labarin jefa alƙaluma a kan wanda zai riƙi Nana Maryamu, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Inda abin yake ɓaci shi ne a ce sai ka zuba kuɗi kafin sunanka ya shiga, kuma kuɗin ya tafi ke nan, ko ka samu ko ka rasa. Wannan ita ce cacar da aka hana a Suratul Ma'ida. Kada kuma a ɗauka tsaurin ra'ayinmu ne kawai ya ga haka. Dokar Birtaniya ta 2005 da ke kula da caca ita ma a ƙarƙashinta ta sa irin wannan tambola, sai dai ta yafe mata neman lasisi idan a wurin taro aka sayar da tikitin, kuma ribar ba aljihun wani za ta shiga ba, har ta ƙayyade cewa kada a cire fiye da fam 500 daga kuɗin da aka tara don sayen kyaututtuka, ko fiye da fam 100 don ɗawainiya. Sun san sunanta, sun dai ga ƙarama ce.

Zuciya kuwa gwanar lauya ce. Ta ce mini ai kuɗin na taimakon ƙungiya ne, da shi ake biyan hayar zaure, da shi ake sayen kundayen da ake raba wa yara kyauta a teburin da ke kusurwa. Kuma haka ne. Ƙungiyoyin nan tsufa suke yi, 'yan kuɗin shekara da membobi ke biya ba sa isa, tambola ce ke cike giɓin. Ma'aji ya gaya mini suna sa ran sayar da tikiti wajen ɗari huɗu, kyaututtukan kuwa duk gudummawar dillalai ce, kuma a ƙiyasina gaba ɗayansu ba su kai fam ɗari da hamsin ba. Ko yaro ya yi lissafin zai ga cewa duk fam ɗin da ka ba da, abin da kake saye bai kai rabinsa ba. Mutanen da ke iya gane faranti daga karkatar harafi ba wannan lissafin ne zai gagare su ba. Sai na ce wa zuciyar, idan taimako kike nufi ga gwangwanin gudummawa nan. Na zaro takardar fam biyar na tura a ciki. Ban ji komai ba. Ko ɗigon daɗin da nake hangowa a tikitin fam ɗaya ban samu a fam biyar ɗin ba, kuma a nan na san abin da nake so in saya tun farko.

Abin da ake sayarwa a teburin nan shi ne sa'o'in da ke tsakanin yage tikiti da ƙarfe uku. A cikinsu mai tikiti yana yawo a zaure da Baƙin Kwabo a ransa, ya riga ya zaɓa masa shafi a kundi, ya shirya yadda zai ba da labarin a gida. Wannan ya saɓa wa duk tarbiyyar harkar, wadda aka gina a kan haƙuri da sani: ka karanta kundin farashi na Stanley Gibbons, ka san alamar da ke ɓoye a cikin takarda, ka ƙirga haƙora, ka jira shekara goma kafin abin da kake nema ya fito gwanjo. Amma ka zauna da su wajen shan shayi ka ji labaran da suke maimaitawa. Za su ba ka na yaron nan ɗan shekara 12, Vernon Vaughan, wanda a 1873 ya tsinci wani mummunan kan sarki na 1856 a takardun danginsa a Giyana ta Ingila, ya sayar da shi sule shida, ashe shi kaɗai ne irinsa a duniya, har aka saye shi kusan dala miliyan tara da rabi a 2014. Za su ba ka na William Robey, wanda ya shiga gidan waya a birnin Washinton a 1918 da dala 24 ya fito da falle mai guda ɗari da aka buga jirgin sama a kife, ya sayar dala 15,000 bayan 'yan kwanaki. Babu mai ba da labarin wanda ya tara kuɗi a hankali ya je kanti ya saya. Suna rayuwa a kan nema, suna mafarkin rabo, kuma tambola ita ce 'yar ƙofar da suka bar wa mafarkin a buɗe sau ɗaya a shekara.

Ni ma ai ba ni da bakin yi musu dariya. Jan kwabon nan, da na so, da na same shi a intanet a daren nan a kuɗin da bai taka kara ya karya ba, kuma na san haka shekaru da yawa ban taɓa saya ba. Wanda zan saya ba zai biya bashin Kawu ba. So nake ya dawo da ƙafarsa, kamar an yafe mini.

Ma'aji ya ga kuɗin da na sa, ya yago tikiti biyar ya miƙo. Na ce na gode, addinina bai yarda ba. Na zaci zai yi mini kallon da na saba gani, sai ya yi dariya ya ce kakarsa 'yar cocin Metodis ce, ita ma ko kusa da teburin tambola ba ta zuwa, takan ce kuɗin da ba ka yi wa gumi ba na wani ne. Ya mayar da tikitin cikin littafi ya sayar wa na bayana.

Ƙarfe uku aka buga cokali a jikin kofi. Aka kira wata yarinya 'yar kimanin shekara takwas, jikar wani, ta rufe ido ta sa hannu a bokiti. Katin farko ya faɗa wa wani dillali wanda ke da Baƙin Kwabo wajen goma a teburinsa, zaure ya ɗauki ihun wasa, shi kuwa ya ɗaga katin sama yana murna kamar bai taɓa ganin irinsa ba. Kundi ya tafi wurin wani da ya riga ya koma gida ya bar tikitinsa a hannun aboki. Da aka zo ta uku na tarar ina sauraron lambar da dukan jikina, ni da ba ni da lamba. Har yau ina so in san ko tana cikin biyar ɗin nan da na ƙi karɓa, kuma na gode Allah da ban kalli lambobinsu ba.

Wata tsohuwa ce ta ci, mai sanda da jar hula. Na bari ta zauna, na sayo shayi biyu, na je na gaishe ta na faɗi bukatata. Ta zazzage ledar a kan tebur, ta baza da ɗan yatsa, abin da zai sa rabin zauren su dafe ƙirji. Ta ce ita tsuntsaye kawai take tarawa, shekara arba'in ke nan, kawunan sarakuna ba su dame ta ba. Na nuna mata nawa, na tambayi kuɗinsa. Ta ce, "Ɗana, ban saya ba, yaya zan sayar? A ƙasarku akwai tsuntsaye?" Na ce akwai, a jerin dabbobin da Nijeriya ta fitar a 1965 akwai aku, akwai gauraka. Ta ce gauraka take so. Dillalai sun fara naɗe kaya, babu lokacin bincike, sai ta rubuta mini adireshinta a bayan tikitin da ya ci, ta tura mini jan kwabon ta ce in tafi da shi, in na samu in aiko. Ba ta tambayi ko sunana ba.

Da daddare na kira Yaya a Zariya na ba shi labari tun daga bokiti har gwangwanin Kawu, wanda shi ma sai ranar ya ji. Ya yi shiru a kan maganar gwangwanin. A kan sauran kuwa ya yi dariya har da tari, ya ce, "Wato ka ƙi cin biri ka ci dila." Na ce musaya ce, Yaya, ita ta ci, ni canji na yi da ita. Ya ce to, ka dai tambayi malamai, ni gauraka zan nemo maka. Bayan mako uku ya same ta a jikin wata tsohuwar ambulan cikin takardun mahaifinmu, ya ba wani mai zuwa Manchesta ya riƙo mini a aljihun riga.

Kafin nan na riga na sa jan kwabon a ƙarƙashin gilashi da fitila mai kyau. Hatimin bai hau gaba ɗaya ba, rabinsa ya tafi tare da ambulan ɗin da aka ɓamɓare shi daga jikinta tun kafin a haifi mahaifina. Abin da ya rage haruffa uku ne, E da R da U, da wata ƙafa da za ta iya zama ta G. Sauran ni na cika su a zauren. Ɗaya daga haƙoransa na ƙasa ya karye, kuma na kasa tuna ko na Kawu yana da wannan karaya.

Na jiƙa kusurwar ambulan ɗin Baba a ruwa mai ɗumi kamar yadda aka koya mini, gauraka ta saki, na shanya ta a kife. Washegari na je gidan waya. Kan sarkin Ingila na yanzu ba a lasarsa, ɓare shi ake yi a manna, kuma tun 2022 yana da wani zanen ɗige-ɗige a gefe wanda na'ura ke karantawa. Na gaggawa ya haura fam ɗaya da rabi, ya fi tikitin tsada. Kan Sarki Charles ne a kai, yana kallon hagu kamar yadda Biktoriya ta kalla. Na kwafi adireshin daga bayan tikitin mai ruwan hoda, na jefa wasiƙar a jan akwati. Tikitin yana nan a kundina, a shafi ɗaya da jan kwabon, lamba 217.